Busar Baba Gidaɗo Mai Guga

Shekara goma sha ɗaya bango ɗaya ne tsakanina da Baba Gidaɗo a unguwar Arba wa Nus ta Alƙahira, bangon ma ba na kirki ba, ko tari ya yi sai na ji. Sunana Zeinabu, 'yar Maraɗi ce ni, ina dafa abinci ina sayar wa ɗalibanmu da ke karatu a nan, da shi nake riƙe yarana. Shi kuwa mutumin Damagaram ne. Karatu ya kawo shi Alƙahira yana saurayi, karatun ya ƙi, kunya ta hana shi komawa gida, ya ƙare a wani shagon guga a Ma'adi. Bai yi aure ba. Abin da ya mallaka a duniya saksafon ne, wani lanƙwasasshen ƙahon ƙarfe da ya samo a wurin masu gwanjo.

Ba wanda ya koya masa busa. Wani ɗan Sudan da suka taɓa zama ɗaki ɗaya ne ya bar masa tsohon kaset na kiɗan jaz, na manyan baƙaƙen Amurka da suka ƙirƙiro shi. Ko rubutu babu a jikinsa. Baba ya yi ta bin sa a kunne har ya haddace, kafin zaren ya tsinke ya huta. A ciki akwai kiɗa ɗaya da ya fi so, mai sanyi, mai jan rai, shi yake busawa kullum in ya dawo daga aiki kafin magariba. Ni kuwa ban iya ɓoye haushi ba. Sai in ƙwanƙwasa bango da ludayi, ya ce, "Ma'alish, Hajiya, yi haƙuri, saura kaɗan." Bai taɓa zama kaɗan ba.

Burinsa bai wuce ɗaya ba: ya yi busa tare da wasu makaɗa, a gaban mutane, ko sau ɗaya kafin ya mutu. Ya sha faɗa mini, ni kuma in ce Allah Ya kawo, hankalina yana kan tukunya.

Allah kuwa Ya kawo. Wata Bamisriya mai kiɗan fiyano, Samar, tana kai kayanta shagon. Ta ji yana rera kiɗan a maƙoshi yana guga, ta tsaya ta tambaye shi. Ashe suna shirya taro a wani zaure a Zamalek, za su buga kiɗan waɗancan manyan don girmama su, mai busarsu kuma ya yi tafiya. Ta ce ya zo gwaji.

Ranar gwajin ya dawo jiki a sanyaye, ya tsaya a ƙofata da akwatin ƙahon a hannu.

"Hajiya, ashe kaset ɗin nan ja yake yi."

Na ce ban gane ba. Ya ce suna farawa aka ji ba a tare, shi yana tafiya suna gudu, sautinsa yana ƙasa nasu yana sama. Samar ta tsayar da kowa, ta kunna masa na ainihin a wayarta. Tsufa ne ya sa kaset ɗinsa yake jan komai. Kiɗan da ya ɗauka na makoki, na rawa ne.

"Shekara talatin ina yi wa bayin Allahn nan ta'aziyya," in ji shi, "ashe biki suke yi."

Na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Shi bai yi ba.

Samar ba ta kore shi ba. Ta ce masa mako uku ya rage, in ya kama saurinsu to shi ke nan, in bai kama ba dole su nemi wani. Mutum ya haura sittin, yatsunsa duk tabon dutsen guga, amma ya ɗauki hutu a shago ya zauna a ɗaki. Daga hantsi zuwa la'asar yana gudu yana tuntuɓe a wuri ɗaya, ya koma farko. Tausayinsa ya kama ni, na daina taɓa bangon.

Ranar taron na bi shi, karona na farko a Zamalek. An jera hotunan manyan a bayan makaɗa. Baba ya fito da farar riga da ya goge da hannunsa, karin gugan kamar ya yanke mutum. Na zauna ina jiran tuntuɓen da na saba ji. Amma da aka zo kan kiɗan nan, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Ya yi gudun tare da su har ƙarshe, mutane suka miƙe suna tafi, na ga Samar ta juyo tana cewa, "Tamam, ya Ammu!" wato ya yi daidai, Baba. A hanyar dawowa sai murmushi yake yi shi kaɗai.

Bayan mako guda mai busarsu ya dawo. Ba su sake kiran Baba ba, kuma ba mugunta ba ce, wurin dama na wani ne.

Sai bango ya yi shiru. Kwana huɗu ban ji komai ba, na zuba masa shinkafa da wake na je. Na same shi a bakin katifa, ƙahon a cinya.

"Baba, lafiya? Ko an zama manya, an daina yi wa talakawa busa?"

"Nawa ya ɓace, Hajiya," ya ce. "Ko na fara a hankali, yatsun nan sai su gudu. Nasu nake ji a kaina, nawa ya tafi." Ya ɗago ya dube ni. "Ke kin ji shi kullum. Rera mini farkonsa kawai, sauran zai zo."

Na ajiye kwanon. Na buɗe baki da tabbacin yana nan. Na lalubi kaina sama da ƙasa, ban samu ko kaɗan ba, don ji kawai nake yi, ban taɓa saurara ba. A garin nan mai miliyoyin mutane ni kaɗai ce zai iya tambaya.

Ya jira ni har ya gane. Sannan ya ce, "Ma'alish," ya jawo kwanon gabansa, ya ce in gaida yara.