Uwar Baƙi da Malamin Lissafi

Kafin ta fara zuwa, mu malamai ba ma ƙaunar ganin mutanen ƙungiyar musayar ɗalibai. Sukan faɗo mana ne muna tsakiyar duba takardun jarrabawa, su wuce ofishin shugaban makaranta, a sha shayi, a yi hoto, su kama gabansu. Mu kuwa sai ranar Litinin mu tarar da yaron wata ƙasa tsaye a ƙofar aji, ba wanda ya gaya mana sunansa balle yaren da yake ji. Ko kuma a ɗauki ɗalibinmu a kai shi can shekara guda, ya dawo aji ya yi masa nisa, a ce mu san yadda za mu yi da shi. Ni da nake koyar da harsunan waje, a kaina wahalar take ƙarewa, don ni ce tafintar dole. Shi ya sa da aka ce sun turo sabuwar ma'aikaciya na taɓe baki, na ce wata mai hoton ce kuma.

Ba ta nufi ofishin shugaba ba sai da ta biyo ta ɗakin malamai. Gajeriyar mace ce, ta haura arba'in, riƙe da jakar da zif ɗinta ya daina rufuwa. Ta yi sallama, ta dubi kujeru, sannan ta tambaya wace ce ba ta da mai ita. Tambayar nan ce ta sa na ɗago kai, domin a ɗakinmu in ka zauna a kujerar wani ka ja wa kanka gabar zango guda. Muka nuna mata ta kusa da taga, wadda ƙafarta ɗaya ke rawa. Ta ga malamar kimiyya na fama da tarin takardu, ta ce, "Miƙo rabi in tayar miki." Har aka tashi ba ta ambaci ƙungiya ba.

Daga baya na gano inda ta koyo wannan ladabi. 'Yar malami ce, a gidajen bayan makaranta ta tashi, ta san lokacin da malami ke son a yi masa magana da lokacin da ko ɗan cikinsa ba ya son gani. Ita ma ta yi shekaru tana koyarwa, har maƙogwaronta ya ƙi, likita ya ce ko ta daina ɗaga murya ko ta rasa ta gaba ɗaya. Nan ta bar aji ta kama wannan aikin. Har yanzu ƙasa-ƙasa take magana, sai ka matso kake ji, kuma ina jin hakan ma ya taimake ta, don ba ka iya faɗa da mutumin da ka karkata kai kana sauraro.

Mijinta mai gyaran firji ne, bakinsa ba ya hutawa. Ranar da na fara zuwa gidansu, na tarar da ƙofar firji biyu jingine a bayan kujerar falo, ya ce mini, "Malama, matar nan ta san sunan 'ya'yan kowane malami a garin nan, amma ƙwan fitilar banɗakinmu tun wancan watan nake tuna mata." Ta ce, "Kai da kake kwana da sukundireba a aljihu, me ya hana ka?" 'Ya'yanta kuwa tsokanarta suke wai ta ɗora yaran mutane a jirgi ba adadi, ita ko ƙofarsa ba ta taɓa leƙawa ba. Takan ce musu aikinta a ƙasa yake.

Kuma gaskiya a ƙasa yake. Kafin baƙo ya iso ta riga ta zauna da malamin ajinsa, ta koya masa yadda ake faɗin sunan yaron, ta gaya masa abin da ke ba shi tsoro. In namu ya dawo, makon farko tana nan tana bin malamai ɗaya bayan ɗaya, me ya wuce shi, wa zai taimaka masa. Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne takan zo ko ba ta neman komai. Ta zauna, ta sha shayinmu mara daɗi, ta ji ƙorafinmu a kan jadawali, ta tafi. Yara ne suka fara kiranta Uwar Baƙi, muka ɗauka. Ni dai Yaya nake ce mata.

Mutum ɗaya ne bai taɓa sake mata fuska ba, malamin lissafi na manyan azuzuwa. Dattijo ne dogo, hannun rigarsa kullum fari fat da alli, ba ya dariya sai in allo ya cika. Ya taɓa gaya mata a gabanmu, "'Yata, ke ba ni da matsala da ke. Amma ku aikinku ku ɗauki yaro mai kyau ku dawo mini da baƙo." Ta ce, "Na ji, Baba Malam," ta ci gaba da gaishe shi kullum kamar bai ce komai ba.

Sai ga shi a shekararta ta uku ƙungiya ta zaɓi ɗalibar da ya fi ji da ita. Auta muke ce mata, 'yar wani mai gyaran agogo ce a bakin tasha. Yarinya ce shiru-shiru, amma in ta tsaya gaban allo sai ka ga dattijon nan ya naɗe hannu yana gyaɗa kai kamar mai jin waƙa. Za ta tafi shekara guda, kuma shekarar ajin ƙarshe ce. Yarinyar tana so har ba ta iya ɓoyewa. Uban kuwa tsohon ɗalibin malamin ne, da Yaya ta same shi a shago ko gilashin idonsa bai cire ba ya ce, "Ni ban san ƙasar ba, ban san karatun ba. Abin da Malam ya ce shi ke nan." Malam ya ce a'a. Kuma in zango ya ƙare uban bai amince ba, wani yaron za a ba gurbin.

Na ce mata, "Yaya, ki je wajen shugaba mana, ya taka wa Malam burki. Makarantar ta ubansa ce?"

Ta ce, "In na bi ta samansa yau, baɗi da wa zan gaisa? Bari in ji abin da ke damunsa tukuna."

Ta same shi ta tambaya. Ya jero mata hujjoji: manhajarsu ba irin tamu ba ce, za ta rasa babi kaza da kaza, za ta dawo jarrabawar fita ta kayar da ita, kuma shi bai yarda can suna sa yaro ya nuna yadda ya samo amsa ba. Yaya ba ta yi musu ba, tunda ita lissafinta bai wuce na cefane ba. Ta ce, "To in na haɗa ka da malamin da zai koyar da ita, za ka yi masa waɗannan tambayoyin da kanka?" Ya ce ta haɗa, shi ma yana so ya ga fuskar mutumin.

Ta sha wuya kafin abin ya yiwu, don ofishinsu ya ce ba a saba ba, makarantar can kuma lokacinsu daban da namu. Amma wata Laraba bayan an tashi muka haɗu a ajinsa, ta jingina wayarta da kwalin alli, ni kuma na ja kujera na gyara murya, tafinta guda. Wani mai sanƙo ya bayyana a fuskar wayar, shi ma allo a bayansa. Na fassara gaisuwa, na fassara tambaya ta farko. Kafin in kai ta biyu Malam ya gaji da ni, ya juya ya rubuta wani lissafi a allo, ya nuna wa wayar. Mai Sanƙo ya matso da fuska, ya ɗauki allinsa, ya warware shi ta wata hanya. Malam ya yi tsaki, ya goge nasa, ya sake warware shi ta gajeriyar hanya. Wancan ya ɗaga hannu biyu yana dariya, ya rubuto nasa tarkon. Haka suka yi ta yi, wannan na faɗa da yarensa, wancan na mayarwa da nasa, ni da takardar shaidata muna zaune kamar tsintsiya a lungu. Yaya ta miƙo mini alewa ta ce in huta.

Laraba ta zama ranarsu. Malam ya fara zuwa ɗakin malamai yana cewa, "Mutumin nan hanyarsa doguwa ce, amma yana isa." Suka jera manhaja biyu suka gano abin da Auta za ta rasa bai taka kara ya karya ba, Mai Sanƙo ma ya ce zai koya mata shi daban. Duk hujjar da aka kawo ta faɗi. Ni har na fara yi wa yarinyar barka a ɓoye. Amma zango na ta ƙarewa, Malam bai je shagon mai agogo ba.

Wata Laraba da aka kashe waya, ya tashi yana goge allo, Yaya ta tsaya a bayansa da jakarta a hannu. Ta ce, "Baba Malam, me ya rage? In akwai abin da ban yi ba ka faɗa mini."

Ya ci gaba da goga har inda ba rubutu. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ba abin da ya rage, 'yata. Mutumin ya san aikinsa. Baɗi zan yi ritaya." Ya ajiye tsumman. "Tun da na fara koyarwa nake jiran yaro irin wannan ya iso mini ajin ƙarshe, in shirya shi da hannuna, in ga inda zai tsaya. Sai da shekara ɗaya ta rage mini ta zo. Ku ma kuka zo."

Wallahi kunya ta kama ni. Duk mun san zai yi ritaya, har mun fara gardamar abin da za mu saya masa, amma ba wanda ya taɓa haɗa wannan da wancan. Na dubi Yaya ina jiran in ji dabarar da za ta fito da ita, don ban taɓa ganin ta rasa ba. Sai ta ce, "Wannan kam ba ni da maganinsa, Baba Malam. Ba kuma zan ce maka ba komai ba ne." Ta ɗauki wayarta, ta yi masa sai da safe.

A hanya na hau ta da faɗa. Na ce saboda son ran tsoho za a danne yarinya? Ta ce ita ma ba ta so, kuma in aka rasa gurbin ita za ta je ta gaya wa Auta da bakinta. "Amma mutumin ya buɗe mini cikinsa," in ji ta. "Ba zan ɗauki abin da ya gaya mini in matsa masa da shi ba." Na lura idonta ya yi ja, sai na bar faɗan. Makon nan ta zo sau biyu, ta gaishe shi yadda ta saba, ta taya malamar kimiyya aiki, ba ta ta da maganar ba.

Ana saura kwanaki kaɗan a rufe makaranta, ya shigo ɗakin malamai da rana, ya tsaya a kanta. "Kira mini mutumin can," ya ce. Sannan ya dube ni. "Ke ma taso, yau magana ce."

Muka tafi ajinsa, muka jingina waya. Bai ɗauki alli ba. Ya ja kujera ya zauna daidai fuskar Mai Sanƙo, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Ki ce masa yarinyar tana gaggawa in ta ga ta gane, ya riƙa sa ta sake dubawa." Na fassara. "Ki ce masa kada ya yabe ta a gaban aji, ba ta so, sai ta daina ɗaga hannu. In ta yi shiru tana cizon biro, ba ɓata ta yi ba, ya ba ta lokaci." Na fassara. Mai Sanƙo ya jawo takarda yana rubutawa, ya daina murmushi. "In ta ce ta gane da sauri, ba ta gane ba. Idonta na hagu ba ya gani sosai, ya zaunar da ita gaba, ita ba za ta faɗa ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki ce masa kada ya sauƙaƙa mata. Ta fi ƙarfin abin da yake tsammani."

Yaya na tsaye bakin ƙofa, ta juya mana baya tana kallon filin wasa da ba kowa a ciki.

Mai Sanƙo ya tambaya ko akwai saura. Malam ya ce akwai, amma sauran zai gano da kansa. Ya miƙe, ya kakkaɓe hannun rigarsa, ya ce mu kulle masa ajin, zai bi ta shagon mai agogo kafin ya rufe.