Sunan da Yatsu Suka Kira

Shekara ashirin da shida Maimuna Yelwa ta yi ba ta kira sunan ɗanta na fari da bakinta ba. Haka aka rene ta a Garwa ta ƙasar Kamaru, ɗan fari abin kunya ne. "Wancan" take cewa, ko "mai motar nan," tun da ya zama direban babbar mota tsakanin Ngawundere da Kuseri. Shi kuwa Dawuda sai ya riƙa tsokanarta: "Inna, ranar da kika kira sunana, wallahi rago zan yanka."

Buga takardu take yi a wata 'yar sakatariya, wani ɗan shago bayan babbar kasuwa. Kwamfutocin wurin Faransanci kawai suka sani. Ka ba su Hausa ko Fillanci, sai su cinye ƙugiyar haruffa, baƙi ya koma baki. Maimuna ba ta da haƙurin raini irin wannan. Ta koya wa kanta rubuta ƙananan umarnin da ake liƙa wa manhajar rubutu, waɗanda 'yan boko ke ce wa fonksiyon. Kowanne ta raɗa masa suna: gyara, jera, buga.

Ashe Halime, abokiyar aikinta, ita ma tana da nata gyara, mai share ƙugiya daga wasiƙun hukuma. Ranar da biyun suka haɗu a kwamfuta ɗaya, Maimuna ta kira nata, na Halime ya amsa. Littafin karatu shafi tamanin ya tashi ba ƙugiya ko ɗaya.

"Yaya Maimuna, suna ɗaya ne ya haɗa mu faɗa," in ji Halime. "Ki sa wata kalma a gaban kowane naki, wadda ba mai tunaninta sai ke."

Maimuna ta waiga, ba mai kallo. Ta buga dawuda_gyara, dawuda_jera, dawuda_buga, har guda arba'in. Yatsa ai ba baki ba ne, ta ce wa kanta, kuma har ga Allah ta ji daɗi.

Abin ya yi kyau, sai ya bazu. Malaman makaranta a Kaélé, magatakarda a Tcholliré, kowa ya kwafa ya ɗora nasa aikin a kan sunayen nan. In an bugo waya ana tambayar sunan wani umarni, Maimuna ta miƙa wa Halime wayar, a yi ta dariya.

A 2014, shekarar da hanyar arewa ta lalace da hare-haren 'yan bindiga, aka tsinci motar Dawuda a ƙone. Shi ba a gan shi ba, ba rai ba gawa.

Tun daga nan kowace safiya ta kunna kwamfuta, sunan na jiranta sau arba'in a jere. Abin ya ishe ta. Ta zauna ta sauya sunayen duka, ta aika wa ofis uku su gwada. Kafin azahar aikin ukun ya tsaya cik, don maɓallansu tsohon suna suke nema. Dole ta mayar da sunan da hannunta, tana kuka tana bugawa. Ta so barin aikin ma, to wa zai kula da abin? Ba wanda ya san cikinsa sai ita.

Wata Talata Halime ta tafi asibiti, waya ta yi ƙara. Georgette ce, sabuwar sakatariyar wata makaranta a Kaélé.

"Alo, Madam, useko, don Allah ki taimaka. Gobe jarrabawa, ƙugiyoyi duk sun ɓace. Wane fonksiyon zan kira?"

"Gyara. Da sunan yaron nan a gaba."

"Wane yaro?"

Maimuna ta fara jero haruffan ɗaya ɗaya, layi na yankewa.

"Ba na ji, Madam! Ki faɗa gaba ɗaya, da ƙarfi!"

Ta dubi kujerar Halime, ba kowa. Yara ɗari biyu na jiran takarda. Ta riƙe bakin tebur.

"Dawuda," ta ce. Layi ya yi ƙara. Ta ɗaga murya yadda ake kiran yaro daga ƙofar gida: "Dawuda!"

"Ya yi, Madam, ya amsa! Mersi."

Georgette ta kashe wayar. Maimuna ta daɗe da ita a kunne, tana kallon ƙofa.