Tudun da na goge a gindin tsamiya

Shekarun baya, abokina ya samo mana aikin haɗa wasan golf na kwamfuta, wanda ake dukan ƴar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Masu aikin suka ba mu aron na'urar lesa mai auna ƙasa, suka ce fili na gaske suke so. Ni sarkin iyawa na ce a tafi kufan gidanmu, bayan garin Basirka.

Na'urar ba ta da wasa, ko kunyar gyaɗa sai da ta fito. A gindin tsamiya na ga wasu ƴan tudu uku a jere suna ɓata min shimfiɗa. Na ɗauka tarin shara ne, na baje su a kwamfuta, na kafa ramin ƙwallon a wurin.

Mahaifiyata ta shekara goma ba ta taka kufan ba saboda ciwon gwiwa. Na kai mata kwamfutar ina hura hanci.

"Inna, ga gidanku. Wannan na'ura ko tsinke ba ya wuce ta."

Ta gane rijiyar, ta gane tsamiyar, har da dariyarta. Sai ta matso da fuska.

"Ina yayyenka? Nan aka kwantar da su, su uku, tun suna jarirai."

Sai a lokacin na gane kaburbura na baje. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ce, "Haka na'urar ta gani, Inna."

"Ashe har sun baje," ta ce a hankali. Ta ture kwanon furarta gefe.

Kwana biyu ina kewaye-kewaye kafin na buɗe awon asali na koma mata da shi. Na durƙusa na ce ni na goge su. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora yatsa a kan na tsakiya, ta ce, "Wannan har ya fara zama kafin ya rasu."

Ramin na ɗauke shi, ƴan tudun na mayar. Amma har yau in na tuna kwana biyun da na bar ta tana makokin ƴaƴanta a karo na biyu don kar a ce na yi kuskure, kunya ce ke rufe ni. Tun daga ranar ban sake baje tudu ba sai na tambayi mutanen wurin ko waye a ƙarƙashi.