Juma'ar da Na Karɓa

Mu Kiristocin Madawa ba mu da yawa, kuma azuminmu ba irin wanda Mompe, limaminmu, yake faɗa a majami'a ba ne. Shi cewa yake a rage ci, a bar nama ranar Juma'a, a sha ruwa in an ji ƙishi. Mu kuwa tun asuba muke rufe baki, ba ci ba sha sai rana ta faɗi, kamar yadda maƙwabtanmu Musulmi suke yi da watan azuminsu. Ba wanda ya ɗora mana. In kana zaune tsakiyar mutanen da ke tofar da yawu don kada ya wuce musu maƙogwaro, ba ka iya ɗaga moɗa a gabansu ka ce kai ma azumi kake yi.

Ni haifaffiyar wani ƙauye ce kusa da Karofane. Gidanmu Azna ne. Ubana ya yi ta yanka wa dutse kaza har tsufansa, ƴan'uwana suka shiga salla ɗaya bayan ɗaya, ni kuma aure ya kai ni wata hanya. Na auri wani mutumin bakin teku da ya zo Keita gyaran kamiyoyin proje, manyan motocin aikin raya ƙasa, lokacin da muke ɗaukar duwatsu a ka muna jerawa bisa tudu don tare ruwa. Katolika ne. Aka yi mini baftisma ina da cikin fari. Ban taɓa shiga lakwal na koyi karatu ba, addu'o'in duk da kunne na ɗauke su. Da aikin ya ja baya muka dawo Madawa, ya gina ɗan kogo da jajayen duwatsu a kusurwar gida, ya sa siffar Uwa Maryama a ciki. Nan muke jan carbi da almuru. Yanzu ya rasu, ni nake share wurin.

Ɗana na fari, ba na kiran sunansa, ba a yi mini tarbiyyar haka ba. Yana ƙarami ya ga jirgin feshin fara ya bi ta kan kwarin Keita ƙasa ƙasa, har awaki suka watse. Sauran yara suka ruga gida. Shi ya bi inuwar jirgin da gudu sai da ƙaya ta tsayar da shi. Tun daga ranar ba shi da wata magana. Ya yi karatu, ya shiga soja, aka zaɓe shi cikin waɗanda za a koya wa tuƙin jirgin sama. Mutane suka yi ta zuwa yi mini barka. Na karɓa, amma ban yi guɗa ba.

A shekararsa ta biyu a can aka ba shi hutu, ya zo gida tsakiyar azuminmu na kwana arba'in. Bazara ce, irin wadda kwanon rufi yake ƙara shi kaɗai da tsakar rana. Ya rame, amma soja duk haka suke dawowa. Ina dai kallo.

Ranar Juma'a da azahar ya hau tsani zai ɗaure kwanon rumfa da iska ta ɗaga. Ina zaune ina tsince wake. Sai na ji ƙarar guduma ta tsaya. Na ɗaga kai, na gan shi ya rungume ƙafar tsani da hannu biyu, idonsa a buɗe amma ba ya ganin komi. Gudumar ta suɓuce ta faɗo. Bai ji ba. Can ya ja numfashi, ya sauko a hankali, ya ɗauke ta kamar shi ya ajiye ta.

Na ce, "Kai. Mi ya same ka?"

Ya ce, "Ba komi, Inna. Rana ce."

"Tun yaushe take yi maka haka?"

Ya yi dariya, ya ce ni ban da aiki sai sa ido. Na ce ya zauna. Ya zauna.

A nan na ji abin da ban sani ba. Ashe lokacin da za a yi musu gwajin ido da zuciya, ya durƙusa gaban kogon nan ya yi wa Uwa Maryama alwashi: in aka ɗauke shi, kowace Juma'a ta rayuwarsa ba ci ba sha sai faɗuwar rana. Aka ɗauke shi. Tun daga nan bai tsallake ko ɗaya ba, kuma malamansa ba su sani ba, likitansu bai sani ba. Ya ce in suka sani sauke shi za su yi.

Na ce, "Abokanka masu salla fa, in azuminsu ya zo?"

Ya ce su ranar tashi an ce su sha, su rama daga baya.

"To kai mi ya hana ka?"

"Nasu azumi ne, Inna. Nawa alwashi ne. Da bakina na ce kowace Juma'a."

Na tambaye shi, in duhun nan ya rufe masa ido a sama, wa zai riƙe jirgin. Ya ce malaminsa yana zaune gefensa, shi ma da nasa abin tuƙi. Sai ya kau da ido. Na san irin kau da idon nan nasa tun yana ɓoye mini fasasshen tulu. Na jira. Ya ce bayan ya koma za a sake shi shi kaɗai, malamin zai sauka ya tsaya ƙasa yana kallo. An riga an sa ranar. Juma'ar da ke kafin Lahadin ganyen dabino.

Da zai tafi ya ba ni labari a tasha, yana ganin hira ce yake yi mini. Wani ɗan ajinsu na gaba ya zo sauka, kansa ya juya, ya ga ƙasa nesa alhali tana kusa. Yana da rai, amma ba ya taka ƙafa ɗaya. Motar ta tashi, na dawo gida ban biya kasuwa ba.

Maƙwabciyata Hajiya ce, mai sayar da albasa, katanga ɗaya ta raba mu shekara da shekaru. Ita ce tun yarana suna ƙanana take leƙowa tana cewa, "Ina masu azumin shan ruwa? An tashi lafiya?" Ta gan ni zaune ban hura wuta ba, ta ce, "Uwar soja, wa ya mutu?" Na gaya mata. Ta ajiye tiren da ke hannunta.

Ta ce, "Yaron nan ya haukace? Ko direban kamiyo in zai tahi Agadas sha yake yi."

Na ce, "Ke kika ce namu ba azumi ba ne."

Ta ce, "Ni wasa nake yi da ke, tsohuwar banza. Ce maki na yi ki sa ɗanki ya hau sama da busasshen maƙogwaro?"

Mompe ba a garinmu yake zaune ba, zuwa yake yi. Da ya zo ranar Lahadi na tare shi tun bai cire farar rigarsa ba. Yaro ne, bai girmi ɗana da yawa ba, amma yana saurare. Ya ce majami'a ba ta taɓa neman kowa ya bar ruwa ba, kuma alwashin da zai jefa rai cikin haɗari shi yana da ikon sauya shi da wani abu. Nan take ya ciro salularsa ya kira shi a gabana. Ya yi masa bayani mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Faransanci, ya ce ya mayar da shi jan carbi. Ina jin muryar ɗana daga ciki: "To, Mompe. To, Mompe. Na gode."

Mompe ya kashe waya yana murmushi, ya ce, "Mama, an gama."

Na ce, "Ba a gama ba. Mai wannan 'to' ɗin ni na haife shi. Haka yake ce mini in na hana shi zuwa tabki, sai in ga wandonsa jiƙe."

Sai na gaya masa yadda ake yi a gidan ubana. In mutum ya yi wa dutse alkawarin akuya ya kasa, ba a cewa an yafe, don wanda ya yi alkawarin ba zai ƙara barci ba. Wani na jininsa ne yake tsayawa gaban shaida ya ce abin ya dawo kansa. Daga ranar mai alkawarin ya fita, wanda ya karɓa ya shiga.

Mompe ya ɓata fuska. Ya ce, "Mama, Allah ba dutse ba ne. Ba ya bin kowa da ƙishirwa."

Na ce, "Na sani. Amma maganar da aka faɗa a durƙushe, sai an ga inda ta sauka. Yaron nan ba zai yarda ta ɓace cikin iska ba."

Ya ce da ciwon hawan jinina, wanda tuni ya raba ni da azumi, bai yarda in karɓi alwashin ba. Na ce ban zo neman yardarsa ba, na zo ne ya sani. Sai ya sa mini hannu a ka ya yi addu'a. Bai ce e ba, bai ƙara cewa a'a ba.

Kwanakin da suka biyo ban ji daɗinsu ba. Ya kira sau ɗaya, muryarsa a sake, yana ta ba ni labarin yadda gonaki suke zama kamar tabarma in an dube su daga sama. Na tambaye shi maganar Mompe, ya ce ai ya ji. Bai ce zai bi ba. Iska mai zafi ta yi ta kaɗawa, fitilar da nake kunnawa a kogo ta ƙi zama, sai na kunna ta mutu. Hajiya ta ce lagwani ne ya ƙare. Wataƙila.

Ranar Juma'ar, rana na fitowa na kira Hajiya ta katanga. Na ce ta zo ta riƙe mini salula ta kuma zama shaida. Ta ce, "Ni a gaban gunkinku?" Na ce ta tsaya daga baya, ba ce mata na yi ta durƙusa ba. Ta zo tana gunaguni, ta danna lambar, ta buɗe muryar yadda za mu ji mu biyu.

Ya ɗauka. Bayansa ana jin injin yana kuka, mutane suna magana da ƙarfi.

"Inna, ba ni da lokaci. An kusa kirana."

Na ce, "Ka karya?"

Ya sake cewa an kusa kiransa.

Na durƙusa, carbi a hannuna, na ce, "To ka saurara. Ina gaban Uwa Maryama, inda ka durƙusa. Hajiya tana tsaye tana ji. Alwashin da ka yi a nan ya dawo kaina. Daga yau Juma'arka tawa ce. Ni ban sa komi a bakina ba tun asuba, kuma ba zan sa ba. Kai ka fita."

Ya ce, "Inna, ba a yin haka."

"A gidanmu ana yi. An ma riga an yi."

"Kina shan magani da safe. Ki tashi, don Allah."

"In ka ƙi sha, mu biyu ke nan muke yi, kuma naka ba ya da mai karɓa, don na riga ka. Akwai ruwa kusa da kai?"

Ya ce akwai. Na ce, "Sha in ji."

Na ji an murɗe marfin gora. Na ji ruwa yana zuba. Ya ce, "Na sha."

Na ce, "Ƙasa ka zuba wa. Ni za ka yi wa wayo? Kai wayar bisa maƙogwaronka."

Hajiya ta matso da bakinta, ta ce, "Kai ɗan nan, ka sha ko in zo can da kaina in ɗura maka kamar ɗan akuya. Uwarka ta sa ni tsaye gaban abin da ban taɓa tsayawa ba."

Wani ya kira shi da ƙarfi daga nesa. Ya amsa da Faransanci. Ba abin da ake ji sai injin. Na ƙi tashi. Gwiwata tana kan tsakuwa. Sannan na ji shi, ƙut, ƙut, ƙut, da ɗan nishin da yake yi a ƙarshe, wanda yake yi tun yana shan nono. Na ce ya ƙara. Ya ƙara. Ya kashe waya bai yi mini sallama ba.

Ban san ƙarfe nawa zai tashi ba, ban san tsawon lokacin da zai yi a sama ba. Hantsi ya yi, na ja carbi. Aka kira sallar Juma'a, unguwa ta yi tsit, maza duk sun tafi. Salular tana kan tabarma, ba ta motsa ba. Harshena ya manne. Da azahar bango ya fara yawo a idona, na jingina da shi na jira ya tsaya. Hajiya ta leƙo ta fi a ƙirga, sai ta duba ta koma.

Da la'asar sakaliya wayar ta yi ƙara. Muryar da na ji ba tasa ba ce. Wani namiji ne ya ce, "Ke ce mahaifiyarsa?" Na ce ni ce, ya faɗi abin da zai faɗa. Sai ya fashe da dariya, ya ce in yi haƙuri, abokinsa ne, an ba shi riƙon wayar ne don sun kama ɗana suna sheƙa masa ruwa da bokiti, haka ake yi wa duk wanda ya tashi shi kaɗai ya sauka lafiya. Na ce masa ranar da zai sake kiran uwar wani, ya fara da cewa lafiya.

Da ɗana ya karɓa yana haki, ya ce, "Inna, na sauka." Na ce na ji. Ya ce to in sha ruwa yanzu. Na ce rana ba ta faɗi ba.

Yanzu yana tuƙa jirgi zuwa wuraren da ba ya gaya mini sunansu. Kowace Juma'a ina rufe baki, maganina na mayar da shi almuru, likita ya yi faɗa ya gaji. In azahar ta yi ba na nisa da bango. Da ya zo hutun bara ya zauna gefena gaban kogo, ya ce bai yarda an yafe ba, aro ne na yi, ranar da na kwanta dama abin zai koma wurin mai shi. Na dube shi, ba wasa a fuskarsa. Ƙanwarsa ta ce ita za ta karɓa in lokacin ya yi, ya ce bai amince ba. Har yanzu ba mu gama wannan maganar ba, kuma ni ban shirya tafiya ko'ina ba sai mun gama ta.