Mai Gatari a Dajin Gwada

Jama'a, yau na tara wa kaina kunya da hannuna!

Kun san na shiga aikin sa-kai, muna taya masana neman bishiyoyi masu cuta a dajin Gwada. Jiya na ga maɗaci har tara, ɓawonsu a ɗaye ta gabas da yamma kawai. Nan take na kira shugabarmu, Dokta Ladi. Na ce, "Dokta, na gano sabuwar cuta!"

Yau ta taso tun daga Minna, da safar hannu da kwalabe. Ina gaba ina ta zuba bayani.

Kwatsam sai ga tsoho da gatari. Baba mai maganin gargajiya na unguwarmu Shango!

Dokta ta ce, "Baba, kai ke sassaƙarsu?"

Ya ce, "Ni ne, 'yata. Magani ba ya ci sai an sassaƙo gabas da yamma."

Sai ya hango ni. "A'a, Isa! Ya basir ɗin? Ai daga wannan bishiyar na haɗa maka!"



Da za mu shiga mota Dokta ta ce, "Malam Isa, zauna gaba. Kujerar ta fi laushi."