Babban Yatsan Usta Shahata

A duk garejojin unguwar Hirafiyin, kai har Alƙahira gaba ɗayanta, babu na'urar da ta kai babban yatsan Usta Shahata, ogan garejinmu, sanin ciwon inji. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka, kuma shekara talatin bai canja magana ba.

Sai ya kwance fulogi, ya toshe ramin da yatsan, a murza makulli, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatu. Ma'aunin matsin inji da surukinsa ya kawo masa daga Kuwait ma yana da amfani. A kansa ake rataye tawul.

Ranar Litinin Amm Bayyumi, wani dattijo direban tasi, ya shigo da motarsa tana nishi. Alhamis za a kai 'yarsa gidan miji a garin Tanta, kuma ya riga ya rantse gaban dangin ango cewa a motarsa za ta tafi.

Usta ya sa yatsa, ya saurara.

"Matsi ya mutu. Kan injin ne, sai an canja."

"Ya Usta, ba ka ɗan zuba cokalin baƙin mai a ramin ka sake gwadawa? An ce in ƙarfi ya dawo, ringin fistin ne suka cinye, kan ba ruwansa."

"Cokali? Shinkafar kushari ka zo ci? Kai tuƙi ka iya, shi ma da kyar. Sha shayinka."

Aka samo wani kan a wajen masu tsofaffin kaya, aka kwana biyu ana ɗaurawa. Ranar Laraba motar ta tashi da nishinta na da, har da ƙarin hayaƙi.

"Wannan kan ma mara lafiya ne," in ji Usta. "Mutane ba sa tsoron Allah."

Bayyumi ya nufi ma'aunin Kuwait. Ya sauke tawul, ya ɗaura ma'aunin ya gwada. Sannan ya zare cokali daga kofin shayin Usta, ya zuba mai a ramin, ya sake gwadawa. Allurar ma'aunin ta haura. Ringi ne, aikin kwana huɗu.

Amarya ta tafi Tanta a bas ɗin kawun ango, Bayyumi a kujerar baya, riƙe da fankar kayan amarya.

Har yau Usta na cewa ma'aunin Kuwait bai san motocin Masar ba. Yatsan kuwa, tun da murfin wata mota ya faɗo masa shekara ashirin da suka wuce, ko ƙaya ta soke shi ba ya ji.