Ni Ne Mai Kuskuren Farko a Ajin Ustaz Haruna

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina unguwar Alshajara, ƙetaren kogi daga Umdurman, a shagon ƙanena, na zura zare ke nan zan fara ɗinkin tamfol, sai wayar wani maƙwabcinmu na Umdurman ta shigo. Ya ce, "Idi, Ustaz Haruna ya cika bayan sallar asuba."

Na ce masa wane Haruna. Sai ka ce biyu gare mu.

Yanzu na dawo daga maƙabarta, ko ƙafa ban wanke ba. Ku yi haƙuri da rubutun, ni da boko mun rabu tun aji huɗu, kuma a cikinmu ba wanda ya yi kukan rabuwar.

Ga wanda bai san shi ba, Ustaz Haruna malamin Turanci ne, katanga ɗaya ta raba gidansa da nawa. Kakanninmu tare suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, garin Umdurman na nan Sudan ya riƙe su. Nasa kakan ya bar masu karatu, nawa ya bar masu surutu.

Ni tela ne a Kasuwar Umdurman. Iyakar Turancina a da shi ne rubutun da ke jikin keken ɗinkina, shi ma ban taɓa sanin me yake cewa ba.

Bayan la'asar Ustaz yakan tara yaran unguwa a tsakar gidansa, ƙarƙashin darbejiya. Tsarinsa daban ne: kalma ɗaya tak duk mako. Iyaye har ƙorafi suke, wai yaushe za a gama Turanci a haka. Shi kuwa yakan ce, "Kalma baƙuwa ce. In ka tara baƙi da yawa a ɗaki ɗaya ba za ka riƙe sunan kowa ba. Sauke ɗaya, ka ba ta shayi, ka ga halinta."

'Yata Nafisa tana cikin yaran. Ta iya karantawa, ta iya rubutawa. Amma tun ranar da wata malama a sakandare ta sa aji ya yi mata dariya kan yadda ta karanta wani layi, bakinta ya rufe da Turanci ruf. Ga shi tun tana ƙarama burinta aikin unguwarzoma a asibiti. Ta yi watanni a ajin Ustaz tana zaune can baya kamar an dasa ta.

Wata rana ya zo shagona da jallabiya, wai a rage mata hannu. Ya zauna ya ce, "Abu Nafisa, ina so ka shigo ajina."

Na gyara zama. Na ce, "Ustaz, ashe dai ka hango basira a fuskata."

Ya ce, "A'a. Mutumin da ba ya jin kunya na hango. Yaran nan tsoron kuskure suke kamar kunama. Ina neman wanda zai riƙa yin na farko, babba mai furfura, a yi masa dariya su ga bai mutu ba. Na duba unguwar nan kaf ban ga wanda ya kai ka ba."

Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa yaba mini haka ba.

An ce gemu ba ya hana ilimi. Nawa ya hana, amma na je.

Makon da na shiga, baƙuwar da aka sauke ita ce keep. Ranar farko ya miƙo mini mabuɗinsa ya ce in riƙe masa, ya ce wannan keep ne, ajiya. Washegari ya nuna awakin matarsa, ya ce kiwo ma keep ne. Da aka zo keep quiet, wato a kame baki, ni kaɗai ya kalla. Sai keep a promise, cika alkawari. Sai keep going, ci gaba da tafiya, kar ka tsaya.

Na ce, "Ustaz, wannan kalma ai ta fi ni sana'a."

Ya ce, "Sana'arta ɗaya ce, ya zol, mutumina. Mabuɗi ne, akuya ce, bakinka ne, alkawari ne, hanya ce: kar ka saki."

Ranar Alhamis ya ce kowa ya kawo jimla, ni zan fara. Na miƙe, na gyara rawani kamar mai huɗuba, na ce, "I am keep goat two, and the goat he keeping me."

Yara suka faɗi ƙasa don dariya. Har matar Ustaz ta leƙo daga kicin tana share hawaye.

Can sai wata 'yar murya daga baya, kamar ta sauro: "Baba, I keep two goats."

Ustaz bai waiwaya ba. Bai tafa ba, bai ce madalla ba, kar ya firgita ta. Yana share allo ya ce, "Abu Nafisa, maimaita abin da malamarka ta faɗa." Na maimaita, na sake ɓatawa. Ta sake gyarawa, wannan karon har na bakin ƙofa ya ji.

Daga ranar aikina ke nan. Ni in ɓata, ita ta gyara. Mutane sun ɗauka da gangan nake yi duka. Wallahi rabi ne kawai, sauran rabin baiwa ce daga Allah.

Bai taɓa karɓar komai daga hannuna ba. In na matsa sai ya ce ai ni ma'aikaci ne, ba ɗalibi ba.

Da yaƙi ya zo, muka tattara muka yi garin Gadarif wurin dangi. Ustaz ya ƙi tafiya, ya ce ƙafarsa ta tsufa da gudu. Duk wanda zai fita daga layinmu sai ya biya ya bar masa mabuɗi. Ya zura su a igiya ɗaya ya rataye bayan ƙofa, yana zagawa yana leƙa gidajen mutane, yana ba shukokinsu ruwa in an samu ruwan.

Nafisa ta ƙarasa karatunta da ƙyar, yanzu tana Bur Sudan wurin ƙanwar uwarta. Alhamis ɗin nan mai zuwa za ta zauna gaban wasu likitoci baƙi a wani asibitin haihuwa, su yi mata tambayoyi baki da baki, da Turanci. Ba zan ɓoye muku ba, shagona na kasuwa ya zama kango, gidanmu kaf aikin nan muke kallo. Ustaz ne yake shirya ta ta waya. Yakan hau saman ɗaki neman network, da ciwon sugansa da komai, ya zama likita ita ta zama mai amsa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe watan jiya ce, bayan mun dawo daga Gadarif mun sauka a Alshajara, da na ƙetara gada na je duba gida. Na same shi ya rame, jallabiyar da na rage wa hannu yanzu jikin duka take nema a rage. Magani ya yi wuyar samu. Amma sai da ya haɗa mini shayi, ya zuba sukarin da shi ba ya sha.

Ya ciro mabuɗina daga igiya. Sannan ya durƙusa ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Kan kekena ne na ɗinki, wanda na bari a gida. Ya ɗauko shi tun kafin ɓarayi su shiga, ya naɗe a tsohon bargo.

Na buɗe sai ƙamshin suya ya buge ni. Na ce, "Ustaz, me ka shafa masa?"

Ya ce, "Man riɗi. Kar ya yi tsatsa."

Na ce, "Keke ne fa, ba wainar kisra ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "To ka gani, yau ni ne mai kuskuren farko."

Da ya rako ni bakin ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Yarinyar nan ta iya, ba ni da shakka. Tsorona ɗaya, kar bakin ya sake rufewa. In ya rufe, ka san aikinka."

Na yi masa raha na tafi. Ban san sallama ce ba.

Ɗazu da muka gama rufe shi, na tsaya a ƙofar maƙabarta na kira Nafisa, don kar ta gani a waya kafin ta ji daga bakina. Na faɗa mata. Can ta ce da Larabci, "Khalas, shi ke nan, Baba. Ba zan je ba. Duk abin da na sani da shi ya tafi."

Na lallashe ta da Hausa, na lallashe ta da Larabci. Shiru.

Sai na gyara rawani. Na yi gyaran murya. Na ce, "Nafisa my daughter, Ustaz he is say, you keeping go."

Wani mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya tsaya yana kallona, tsoho da hawaye a gemu yana yaren da ba na kowa ba.

Na maimaita da ƙarfi, na ƙara ɓata shi.

Na ji ta ja hanci.

"Baba."

"Na'am."

"Keep going ake cewa."

"Ai abin da na faɗa ke nan."

"Wallahi ba shi ka faɗa ba."

Daga nan ta zubo wata doguwar magana da Turanci tana kuka, ban kama komai a ciki ba sai sunansa. Ban katse ta ba. Da ta gama ta ce bari ta je ta goge kayan da za ta sa.

Ban sani ba ko za su ɗauke ta. Wannan na Allah ne. Amma za ta je.

Da na shiga yi wa matarsa ta'aziyya na ga igiyar tana nan bayan ƙofa, da sauran mabuɗan da masu su ba su dawo ba tukuna.

Ya Allah, bawanka Haruna ya riƙe mana amanar gidajenmu da ta 'ya'yanmu bai saki ba. Kai ma kar ka sake shi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa, ka ba iyalinsa haƙuri. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi masa addu'a, ko da ƙulhuwallahu ce. Ranar Alhamis kuma ku tuna da Nafisa, Allah ya buɗe mata baki. Ni dai zan kira ta da safe in yi nawa aikin.